Ina da sikila, ina jiran takardar zama 'yar ƙasa: in yanki katin wiwi na magani?

Assalamu alaikum Anti. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, na rasa wanda zan tunkara da ita. Shekarata 33, 'yar Kano ce ni, ina zaune da maigidana da 'ya'yanmu biyu a Filadelfiya, jihar Fensilbaniya ta Amurka. Da sikila aka haife ni. Duk hunturu sai na kwanta asibiti sau biyu ko uku, yanzu kuma ƙuguna na dama ba ya barina barci ko da ciwon bai tashi ba. Ƙwayoyin kashe zafin da nake sha suna hana ni bayan gida, suna sa ni jiri, kuma ranar da na je sashen gaggawa na wani asibiti ina murƙususu, kallon 'yar ƙwaya aka yi mini. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, da mota nake zuwa. Wata abokiyar aikina ta ce ta yanki katin wiwi na magani saboda ciwon baya, wai minti goma likita ya yi da ita ta bidiyo, kuma yanzu tana barci. Shin na cancanta? Yaya ake yin rajistar? Kuma ya halatta a addini? Maigidana ya ce abin da likita ya faɗa shi ke nan, amma kada Hajiyarsa ta ji. Dukkanmu girin kad gare mu, wato katin izinin zama na dindindin, ni saura wata goma in cika shekara biyar in nemi zama 'yar ƙasa, kuma ina so in je gida bikin ƙanwata bayan babbar sallah.
Wata baiwar Allah, Filadelfiya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba zan tsaya ina gaya miki yadda ciwon sikila yake ba, kuma ban ga laifinki ba da kika fara hangen duk wata ƙofa da za ta ba ki barcin dare. Na karanta wasiƙarki sau biyu. A karo na biyu ne na lura cewa maganar da ta fi kowace nauyi ita kika ajiye a layin ƙarshe, kamar wadda ta tuna da ita tana shirin tashi: girin kad, da wata goma, da tafiya gida.

Tambayarki ta farko ba ta da wuya. E, kin cancanta. Gwamna Tom Wolf ya sa hannu a dokar wiwi na magani ta Fensilbaniya a watan Afrilun 2016, shagunan suka fara sayarwa a Fabrairun 2018. Dokar ta zo da jerin cututtuka 17, aka yi ta ƙari har suka haura 20: ciwon daji, farfaɗiya, hawan jinin ido, cutar ƙanjamau, cutar karkarwar jiki ta Fakinsin, gigicewa bayan tashin hankali, matsananciyar fargaba, da ciwo mai tsanani da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sikila tana cikin jerin da sunanta tun daga farko. Ke ba sai kin yi dogon bayani ba, takardar asibitinki kaɗai ta isa. Ga kuma ciwon ƙugun nan, wanda shi ma ƙofa ce mai zaman kanta. Abokiyar aikinki ba ta yi miki ƙarya ba, katin ba shi da wahalar samu.

Sauƙin nan shi ne abin da nake jin tsoro. Ina kyautata zaton ita abokiyar taki haifaffiyar ƙasar ce. In haka ne, ba jirgi ɗaya ya ɗauko ku ba, domin ita gwamnati guda ce ke kallonta a wannan magana, ke kuwa biyu ne.

A Amurka kowace jiha tana da dokarta, tarayya kuma tana da tata. A 1970 dokar tarayya ta sa wiwi a jeri na farko na haramtattun ƙwayoyi, layi ɗaya da hodar heroyin, wato abin da tarayya ta ce ba shi da amfanin magani da ta yarda da shi. Kalifoniya ce ta fara bijirewa a 1996, sauran jihohi suka biyo baya, har yanzu mafi yawansu suna da irin wannan shiri. Tun 2014 majalisar tarayya ke saka wani sharaɗi a kasafin kuɗi da ya hana ma'aikatar shari'a kashe ko sisi wajen yi wa shirye-shiryen jihohin katsalandan, shi ya sa ba a bin masu kati gida-gida ana kamawa. Amma sharaɗin ma'aikatar shari'a ya ɗaure. Hukumar da za ta duba takardunki, USCIS, da jami'an da za su tare ki a filin jirgi, duk ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida suke, kuma harkar shige da fice ta tarayya ce zalla. Gwamnan Fensilbaniya ba shi da ta cewa a ciki.

A watan Afrilun 2019 USCIS ta fitar da sanarwa ƙarara cewa mallakar wiwi, ko aiki a shagon da ake sayar da ita, na iya hana mutum cika sharaɗin kyakkyawan hali da ake buƙata kafin a ba shi takardar zama ɗan ƙasa, ko da jiharsa ta halatta, ko da na magani ne. Shekaru biyar ɗin da kike ƙirgawa su ne daidai shekarun da ake duba halin naki a cikinsu, kuma dubawar ba ta ƙarewa ranar da kika tura fom, sai ranar da kika ɗaga hannu kika yi rantsuwa. A fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, akwai tambayar ko kin taɓa aikata wani laifi da ba a kama ki a kansa ba. Jami'in da zai yi miki intabiyu zai rantsar da ke kafin ya fara. Mutane sukan ce ai rajistar masu kati sirri ce, jiha ba ta miƙa wa kowa. Gaskiya ne dokar jihar ta ce a ɓoye bayanan marasa lafiya. Sai dai ba rajistar ce za ta tona ki ba, bakinki ne. In kika faɗi gaskiya, kin amsa laifin tarayya da kanki, kuma a dokar shige da fice amsa laifin ƙwaya na iya wadatarwa ba sai kotu ta yanke hukunci ba. In kika ɓoye, kin yi ƙarya bayan rantsuwa, kuma takardar da aka samu da ƙarya ana iya ƙwace ta ko bayan shekaru. Ba zan taɓa ce miki ki bi hanya ta biyu ba.

Tafiyar bikin ma tana ciki. Mai girin kad da ya yi 'yar gajeriyar tafiya, a ƙa'ida ba a ɗaukarsa a matsayin sabon mai neman shiga. Amma dokar ta ware wanda ya aikata laifin da ya shafi ƙwaya: shi ana iya mayar da shi bakin ƙofa, a sake auna ko ya cancanci shiga. Ki ƙaddara kin sauka a filin jirgin JFK na Niu Yok ko na Filadelfiya da gajiyar sa'o'i goma sha, an ce ki buɗe jaka, ga kati mai hotonki a cikin walat kusa da lasin ɗin tuƙi. Ko an karɓi wayarki an ga saƙon shago. Tambaya ɗaya ce za ta biyo baya, kuma babu lauya a gefenki a wannan ɗakin.

Za ki ji ana cewa ai tarayya ta sassauta. Tun 2024 aka fara bin matakan sauko da wiwi daga jeri na farko zuwa na uku, kuma maganar tana ta motsi. Kada wannan ya ruɗe ki. Dokar shige da fice ba jeri na farko kaɗai take kallo ba, duk jerin biyar ɗin take nufi idan ta ce haramtacciyar ƙwaya. Abin da kowane sauyi yake nufi ga mai girin kad, lauya ne zai karanta miki shi a ranar da kika je, ba abokiyar aiki ba, ba kuma ma'aikacin shago ba. Kuma kada ku ce bari maigida ya yi rajista a matsayin mai kula da ke ya riƙa karɓo miki. Shi ma girin kad gare shi, kun ga an tsoma mutum biyu ke nan maimakon ɗaya.

To ga shawarata, ba tare da kwana-kwana ba: kada ki yi rajista yanzu. Kada ki ɗanɗana na abokiyarki don ki ga ko zai yi miki. Kada ki tsallaka gada zuwa Niu Jazi, inda ake sayar wa duk wanda ya kai shekara 21 ba tare da kati ba, domin shigo da ita daga wata jiha wani laifin tarayya ne na daban. Wata goma, da 'yan watannin jiran intabiyu da rantsuwa, na san a jikin mai sikila ba ƙaramin lokaci ba ne, akwai hunturu guda cur a ciki. Amma kin riga kin ci shekara huɗu da wani abu, kada garin neman gira a rasa ido. Kafin komai ki zauna da lauyan shige da fice na gaskiya, ba masu cika fom da lissafin haraji na unguwa ba. A Filadelfiya akwai HIAS Pennsylvania da Nationalities Service Center, ƙungiyoyi ne da ke taimakon baƙi da lauyoyi kyauta ko a kuɗi kaɗan. Abin da kika gaya wa lauyanki sirri ne a doka, don haka in ma kin taɓa gwadawa a baya, shi za ki gaya wa, shi kaɗai. Ki haɗa da tambayar tafiyar bikin, domin ƙa'idojin shiga da fita suna yawan sauyawa a 'yan shekarun nan.

Ban ce ki koma ki rungume ciwo ba. Akwai aikin da za a yi a waɗannan watanni, kuma ina ganin ya fi katin muhimmanci.

Ciwon ƙugun nan da ba ya tafiya ko sikilar ba ta tashi ba, ya tsaya mini a rai. Masu sikila da yawa jini yakan daina isa kan ƙashin cinya, inda yake shiga kwatangwalo, sai ƙashin ya fara mutuwa a hankali. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna shi da wuri, sai na'urar MRI. In shi ne, ana iya yin gashin ƙashi da motsa jiki, ko ƙaramin aiki na rage matsin cikin ƙashin tun bai rufta ba, ko a sauya ƙugun gaba ɗaya in ya lalace. Wiwi ba za ta gyara ƙashi ba. Iyakarta ta rage miki jin sa, ki ci gaba da ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera a kan ƙugun da ke lalacewa. Ki nemi a yi miki hoton nan.

Ba ki ambaci likitan jini a wasiƙarki ba. In ba ki da wanda kike gani a kai a kai, manyan asibitocin koyarwa na birninku suna da sashen manya masu sikila. Ki tambaye shi maganar hydroxyurea, wanda aka amince da shi don sikila tun 1998 kuma yana rage yawan tashin ciwon, in kina sha a duba ko adadin ya kai. Akwai garin Endari da ya fito a 2017, akwai ƙarin jini bisa tsari, kuma a Disambar 2023 an amince da magunguna biyu na gyaran ƙwayar halitta, Casgevy da Lyfgenia, ko da yake ba kowa ya dace da su ba kuma hanyarsu doguwa ce mai wahala. Sannan ki roƙe shi ya rubuta miki takardar tsarin kashe zafi ta kanki: sunan maganin da ke yi miki aiki in ciwon ya tashi, da adadinsa, da sa hannunsa, a saka a fayil ɗinki, kwafi kuma a jakarki. Wulaƙancin da aka yi miki a sashen gaggawa ba ke kaɗai ba ce, kukan masu sikila ne a duk faɗin ƙasar nan, kuma wannan takarda tana rage shi ƙwarai. Hana bayan gida kuwa yana da magani, kada ki ji kunyar faɗa.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sinadarin da ke sa maye a wiwi, THC, an daɗe da haɗa shi a ƙwayar magani mai suna Marinol, wadda hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da ita tun 1985 don amai na masu shan maganin ciwon daji, daga baya aka ƙara da rashin cin abinci na masu ƙanjamau. Wannan likita ne ke rubutawa, a kemis ake karɓa, halas ce a dokar tarayya. Ba don sikila aka yi ta ba, inshora na iya ƙin biya, likitanki ma na iya cewa ba ta dace da ke ba. Amma tambaya ce da za ki iya yi ba tare da kin taɓa takardunki ba. Man CBD, wani sinadarin wiwi da ba ya sa maye, da alewar da ake jerawa a gidajen mai da shagunan sigari kuwa, ki bar su inda kika gan su. Ba a sa musu ido yadda ya kamata, wasu akwai THC a ciki fiye da abin da aka rubuta, kuma suna iya fitowa a gwajin fitsari.

Kada kuma ki ɗora wa ganyen nan burin da ya fi ƙarfinsa. Babban rahoton da cibiyoyin kimiyya na ƙasa suka fitar a 2017 ya ce akwai hujja mai ƙarfi cewa yana rage daɗaɗɗen ciwo ga manya. Amma a kan sikila kanta binciken kaɗan ne. Wani gwaji da aka yi a San Faransisko aka wallafa a 2020, mutum 23 ne kawai suka kammala shi, kuma bambancin raguwar ciwo tsakanin masu shaƙar wiwi da masu shaƙar na bogi bai kai a kafa hujja da shi ba, sai dai ciwon ya rage dagula musu rai. Wasu masu sikila suna cewa tana ba su barci kuma sun rage ƙwaya. Wasu ba ta yi musu komai sai bugun zuciya da tsoro.

Yanzu mu ce Allah ya kai mu, kin yi rantsuwa, fasfo mai shuɗin bango ya zo hannu, likitan jininki ya ce a gwada. Rajistar ba ta da tsawo. Za ki shiga shafin ma'aikatar lafiya ta jihar ki buɗe asusu a rajistar marasa lafiya. Ana buƙatar lasin ɗin tuƙi na Fensilbaniya ko katin shaida na jihar, kuma sunanki da adireshinki su zama daidai da yadda suke a jikinsa harafi da harafi. Nan ne namu suke yawan maƙalewa, wadda take Hauwa'u a wata takarda, Hauwa a wata, ko an tashi daga gida ba a sauya adireshi ba. Ki gyara wannan tun da wuri, domin ta gidan waya katin zai zo. Za a ba ki lambar mara lafiya.

Da lambar za ki je wurin likitan da jihar ta amince da shi. Ba kowane likita ba ne, sai wanda ya yi kwas na sa'o'i huɗu ya yi rajista, kuma sunayensu suna shafin ma'aikatar. Shi ba ya rubuta miki magani kamar yadda aka saba, shaida kawai yake shigarwa a kwamfuta cewa kina da cutar da ke cikin jeri, bayan ya duba rumbun da ke nuna ƙwayoyin da ake ba ki. Tun 2021 doka ta tabbatar da ganawa ta bidiyo, shi ne minti goman da aka ba ki labari. Ni dai da za ki ji tawa, ki fara tambayar ko likitan jininki ko wani a sashensu yana cikin jerin. Wanda ya gan ki minti goma bai san hantarki da ƙodarki ba. Kuɗin ganin likitan daga aljihunki ne, yakan kai dala 100 ko fiye. Bayan ya shigar da shaidar sai ki koma asusunki ki biya dala 50 na kati, wanda ake yafe wa masu karɓar tallafin gwamnati na lafiya ko abinci irin su Medicaid, SNAP, WIC ko CHIP. Duk shekara ake sabunta shaidar da biyan kuɗin. Inshora ba ta biyan ko kwabo na maganin kansa, kuma yawancin shagunan tsabar kuɗi ko katin cirar kuɗi suke karɓa, saboda bankuna suna tsoron dokar tarayya. Ki yi lissafin wannan a kasafin gida tun kafin ki fara.

A shagon, ki ce kina son magana da mai haɗa magunguna, doka ta wajabta musu samar da shi ko likita, kada ki tsaya ga yaron kanta. Akwai ƙwaya, da mai, da ruwan ɗigawa ƙarƙashin harshe, da na shafawa, da na shaƙa ta na'urar tururi. Ana sayar da busasshen ganyen ma tun 2018, amma don na'urar tururi kawai, naɗa shi a kunna wuta haramun ne a dokar jihar ko da kati, haka ma shuka shi a gida. Ke da huhunki yake cikin haɗarin ciwon ƙirjin masu sikila, ki nisanci duk abin da ake zuƙa. Ki fara da mafi ƙanƙantar adadi, wanda CBD ɗinsa ya rinjayi THC, da dare, ranar da ba ki da aiki washegari. Na haɗiya yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu kafin a ji shi, kuma kuskuren sababbi shi ne su ce bai yi ba su ƙara. Kada ki yanke ƙwayoyinki na kashe zafi da kanki, likita ne zai rage su sannu a hankali, haɗa su biyun kuma yana ƙara jiri da nauyin barci. In amai ya fara zuwa miki a jere, ki dakata ki kira likita, domin yawan amfani da wiwi yana jawo wa wasu irin wannan amai, ke kuma kin san abin da bushewar ruwan jiki ke tayar miki. Zazzaɓi, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, wannan asibiti ne kai tsaye. In akwai mai taɓin hankali a danginku na jini, ki gaya wa likita tun farko. In kina da ciki, ko kina nema, ko kina shayarwa, maganar ta tsaya gaba ɗaya. A bar shi cikin kwalinsa na asali, a kulle inda yaran nan biyu ba za su kai ba.

Motarki da aikinki su ne abu na gaba da za ki auna, kuma takardar zama 'yar ƙasa ba ta warware su. Dokar tuƙi ta Fensilbaniya tana da tsauri: samun sinadarin wiwi ko burbushinsa a jinin direba ya isa a tuhume shi da tuƙi cikin maye, kuma an gurfanar da masu kati a kan haka. Burbushin yakan kwana a jiki kwanaki, ga mai sha kullum har makonni. Ke kuma da mota kike cin abinci. A wurin aiki, dokar ta hana a kori mutum don kawai yana da kati, amma ba ta hana a hukunta wanda aka samu da alamar maye a bakin aiki ba, kuma kamfanonin kula da tsofaffi da yawa suna gwajin fitsari. Ki karanta ƙa'idar kamfaninku a rubuce kafin ki kashe ko dala ɗaya. In gidan da kuke ciki na tallafin gwamnatin tarayya ne, nan ma katin ba ya aiki.

Ko da kati, ko da fasfo, ba a hawa jirgi da shi. Akwai wani malamin makaranta ɗan jiharku, Marc Fogel, da aka kama a filin jirgin Mosko a watan Agustan 2021 da kimanin giram 17 na wiwin da likita ya ba shi shaida saboda ciwon baya. Shekara 14 aka yanke masa, sai a Fabrairun 2025 aka samu aka sako shi. A filin jirgin Malam Aminu Kano jami'an NDLEA ba su san wani kati na Fensilbaniya ba, wiwi wiwi ce. Saudiyya kuwa, in Allah ya kira ki Umara, ba sai na faɗa ba.

Maganar addini, ni ba malama ba ce, kuma ba zan ba ki fatawa ba. Abin da kowa ya sani shi ne hadisin da ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, don haka shan wiwi don nishaɗi babu wata tantama a kansa. Amma malamai sun daɗe da rarrabe abin da ke gusar da hankali don jin daɗi da wanda ake amfani da shi don magani, shi ya sa ba wanda ya hana allurar barci a ɗakin tiyata, kuma ƙwayoyin da kike sha yanzu ma daga dangin ofiyom suke. Sharuɗɗan da za ki ji suna maimaitawa su ne a ce lalurar ta gaske ce, amintaccen likita ne ya ce a yi, babu wani halastaccen magani da ya wadatar, kuma a tsaya iya gwargwadon buƙata. Ki lura sharaɗi na uku yana mayar da ke ga abin da na ce ki fara yi, wato hoton ƙugu da zama da likitan jini. In kin gama da su, ki sami malamin da ya san fiƙihu kuma ya san ƙasar nan, ki kai masa bayanin likita, ki tambaye shi har da maganar sallah, yadda za ki tsara lokacin sha don kada ki tsaya gaban Ubangiji ba ki san abin da kike karantawa ba.

Hajiya kuma, maigidanki ya fi ni sanin mahaifiyarsa. A gida kalmar wiwi ba ta da wata fassara sai ta 'yan daba da yaran tasha, kuma ba a waya za ki sauya wa dattijuwa wannan fahimta ba. Ba ta san sunan ƙwayoyin da kike sha yau ba, ban ga dalilin da zai sa ta san na gobe ba. Wanda ya zama dole ya san komai shi ne maigidan, tunda shi zai kwana da ke daren farko, kuma shi zai riƙe makullin mota washegari. Ki ce masa ya raka ki wurin lauyan ma, don shi ma lokacin tura nasa fom ɗin yana tafe.